AI a Furojet, Binciken Ilimi da Horon Aiki: Tambayoyin da Ake Ta Yi Min da Amsoshinsu

Tun da ChatGPT ya fito ranar 30 ga Nuwamba 2022 ban ƙara samun samista guda da ba a tare ni da maganar amfani da AI ba, a ofis, a bakin masallaci bayan azahar, ko a WhatsApp ƙarfe sha ɗayan dare. 'Yan furojet na digirin farko da na NCE, masu mastas da PhD a fannin ilimi, sai kuma abokan aiki masu shirya wa malaman firamare da ma'aikatan lafiya bita. Tambayoyin kusan iri ɗaya ne, ni kuma bakina ya gaji da maimaitawa, shi ya sa na tara su wuri guda. Ni malamin koyar da malanta ne ba injiniyan kwamfuta ba, kuma ina taɓa abin nan kusan kullum, don haka kar wani ya zaci wa'azin haramci na zo yi.

Malam wai shi AI ɗin nan hankali gare shi ne, ko me?

Ba irin hankalin da kake nufi ba dai. Abin da 'yan jarida ke kira ƙirƙirarriyar basira iri-iri ne, amma wanda ɗalibai ke riƙe da shi a waya, ChatGPT na kamfanin OpenAI, Gemini na Google, Copilot na Microsoft, DeepSeek na China, da Meta AI ɗin nan da ya faɗo mana cikin WhatsApp ba sallama, duk tushensu ɗaya ne. An ɗura musu rubuce-rubucen da mutum ba zai karance ba ko da zai yi shekara dubu, suka koyi wace kalma ce ta fi dacewa ta biyo bayan wacce. Ka san yadda kibod ɗin wayarka ke hasashen kalmar gaba? To babban wansa ne da ya yi makaranta mai zurfi.

Shi gwanin tsara magana ne, gaskiyar maganar kuma wannan wani zance ne daban. Sau da yawa yana dacewa, wani lokaci ya shirga ƙarya, kuma da murya ɗaya yake faɗin duka biyun. Ɗan aike ne mai zafin nama da daɗin baki, ka aike shi kasuwa ko bai samu abin ba da wuya ya dawo hannu rabbana, sai ya ƙullo maka wani abu a leda ya ce ga shi.

To haramun ne in yi amfani da shi a furojet ɗina?

Wannan ba ni zan yanke ba, makarantarka ce da sufabaizanka. Jami'o'i ba su haɗu a kan magana ɗaya ba, har a jami'a guda sai ka ga wannan sashen ya bari wancan ya hana. Ka tambaya tun kafin ka fara cafta ta ɗaya, in da hali amsar ta zama a rubuce ko da a saƙon waya ne, don ranar difens, wato ranar kare furojet a gaban masu jarrabawa, "ai Malam ya ce min a baranda" ba hujja ba ce.

UNESCO ta fitar da jagora kan lamarin a Satumbar 2023, ba ta ce a hana ba, cewa ta yi linzamin ya kasance a hannun ɗan Adam, ta kuma ba da shawarar a sa shekara 13 a matsayin mafi ƙarancin shekarun amfani da shi a aji. Manyan jami'o'in Birtaniya 24 na ƙungiyar Russell su ma a Yulin 2023 suka tsaya a kan a koya wa ɗalibai da malamai yadda za su yi aiki da shi cikin gaskiya.

Ni nawa ɗaliban ga abin da nake gaya musu. Ka ce ya warware maka ANOVA, wani gwajin lissafin data, da harshe mai sauƙi, bismilla. Ka rubuta abinka da kanka ka ce ya gyara maka nahawun Turanci, ba laifi, amma ka faɗa. Ka ce ya zama mugun mai jarrabawa ya yi ta jefo maka tambayoyi kafin difens, wannan ma har yaba maka zan yi. Amma ya rubuta cafta ka ɗora sunanka, ko ya kawo manazarta ka liƙa ba ka gani ba, ko ya samar maka da data, nan ba mu tare. Gwajina kuma mai sauƙi ne, in ce rufe laftof ɗin, gaya min me ka ce a shafi na 23 kuma me ya sa.

Ya ba ni manazarta guda ashirin masu kyau, har da shekara da lambar shafi. Matsalar me?

Matsalar ita ce wasunsu ƙila babu su a duniya. Nan na fi kama ɗalibai kuma nan abin ya fi min ciwo. Zai ɗauko sunan farfesa na gaske, da sunan mujalla ta gaske, ya ƙirƙiro take mai daɗin ji ya sa a tsakiya, ya ɗora shekara da shafi, kai kuma ka kwafa ka liƙa kana murna cafta ta biyu ta haɗu. Na taɓa zama a difens inda aka jingina wa wani abokin aikina maƙalar da bai taɓa rubutawa ba, ƙaddara kuma ta sa yana cikin masu jarrabawar ranar. Ya cire tabarau ya ce, "Yaro, wannan maƙalar tawa ina son kofi, ni ban da ita." Ɗaki ya yi tsit kamar ruwa ya ci makaɗi.

Kar ka ce 'yan makaranta ne kaɗai ke faɗawa. A 2023 a wata kotun tarayya da ke New York, a shari'ar wani fasinja da kamfanin jirgin sama na Avianca, lauyoyi suka shigar da takarda ɗauke da hukunce-hukuncen baya guda shida da ChatGPT ya ƙago. Lauyan da ya haɗa takardar ya fi shekara 30 yana aikin, har ya tambayi ChatGPT ɗin ko shari'o'in na gaske ne, ya ce masa ƙwarai kuwa. A watan Yuni alƙali ya ci su tarar dala 5,000, kunyar kuma ta zaga duniya.

Mu nan abin ya fi haɗari saboda wani dalili. In batunka tsangaya ne, ko makarantun Islamiyya, ko ilimin 'ya'yan makiyaya, ko ficewar 'yan mata daga makaranta a wata ƙaramar hukuma, yawancin aikin da aka yi yana kwance a kundaye kan kantocin laburare a Zariya da Kano da Sakkwato da Maiduguri, ba a taɓa ɗora shi a intanet ba. Inda bai karanta komai ba kuwa nan ya fi sakin baki.

Yadda za ka tantance: ka sa taken a Google Scholar, in akwai lambar DOI, wato lambar shaidar maƙala, ka gwada ta a shafin doi.org, mujallun Afirka ka leƙa shafin AJOL da ke tara su, na cikin gida kuma ka taka ka je laburare. In ka same ta ka buɗe ka karanta wurin da kake son kafa hujja da shi, don har manhajojin AI da ke binciko intanet su ba ka mahaɗi, sai ka tarar maƙalar tana nan da gaske amma abin da aka ce ta faɗa ba ta faɗa ba. Mu da muka taso muna jin yadda malaman hadisi ba sa karɓar magana sai an ce wa ya faɗa maka, shi kuma daga wa ya ji, bai kamata wannan ya zama mana baƙon abu ba. Manazarta ai isnadi ce.

Tunda ya taimaka sosai, in sa sunansa cikin marubutan maƙala?

A'a. Mujallar Nature ta faɗa a Janairun 2023, ƙungiyar COPE mai kula da ɗa'ar wallafa ta faɗa a Fabrairu, kwamitin editocin mujallun likitanci na ICMJE ya biyo baya a Mayu. Dalilinsu ɗaya, marubuci shi ne wanda za a iya kira ya amsa laifi in an samu kuskure, ya sa hannu, ya janye maƙala. Manhaja ba ta amsa kira.

To ya zan bayyana cewa na yi amfani da shi? Ba tona wa kaina asiri ba ne?

Tonon asiri shi ne a gano ba ka faɗa ba. Layi biyu ko uku sun isa, a babin hanyoyin bincike ko a shafin godiya, ka faɗi wace manhaja, wane wata, me ta yi maka, misali gyaran nahawu a cafta ta ɗaya zuwa ta uku, ka ƙara da cewa ka duba komai kuma alhakin abin da ke ciki naka ne. Tsarin rubuta manazarta na APA da yawancin tsangayoyin ilimi ke bi ya fitar da yadda ake ambaton ChatGPT tun Afrilun 2023, in har ka ɗauko maganarsa kai tsaye. Ka kuma ajiye hirar da kuka yi, kar ka goge.

Abin kunyar da ake gudu ya riga ya faru ga manya. A Fabrairun 2024 wata mujallar kamfanin Frontiers ta wallafa maƙala da hoton ɓera da AI ya zana, halittar jikinsa ta saɓa wa hankali, rubutun jikin hoton kuma kalmomi ne marasa ma'ana, cikin 'yan kwanaki aka janye ta bayan duniya ta gama dariya.

Makaranta goma na ce zan je, kuɗin mota babu. In ce ya cika min kwashaniya, wato takardun tambayoyi, guda 200 mana, wa zai sani?

Wannan ba taimako ba ne, ƙirƙirar data ce, kuma a ɗa'ar bincike tana cikin manyan laifuka, ta fi satar fasaha muni a wajena. Na san ba AI ya kawo ta ba, tun da can akwai masu zama a ɗaki da biro kala uku su cike takardun tambayoyi su da abokansu, yanzu dai abin ya zama minti biyu ne kawai.

Ka duba me kake yi fa. Ka rubuta cewa malamai kaza cikin ɗari a ƙaramar hukumarku ba sa amfani da kayan koyarwa, alhali ko malami ɗaya ba ka tambaya ba. Baɗi wani ya kafa hujja da kundinka, wani ya kafa da nasa, wata rana maganar ta shiga takardar da aka kai SUBEB ko ma'aikatar ilimi, a tsara bita a kashe kuɗi a kan ciwon da babu shi, ciwon gasken kuma yana nan. Ka koma wajen sufabaizanka ka ce Malam ƙarfina makaranta uku ne. Yawancinmu za mu yarda a rage, a rubuta iyakar binciken a fili. Uku na gaske ana iya gina wani abu a kansu.

Lissafin fa? Na tara data ta gaske, manhajar lissafi ta SPSS ce ke ba ni wahala.

Nan yana da amfani sosai. Ka tambaye shi wane gwaji ya dace da irin tambayarka, ka ce ya fassara maka teburin da SPSS ya fitar, me ya sa ake son Cronbach alpha, ma'aunin daidaituwar tambayoyin kwashaniya, ya kai wajen 0.7, zai yi maka bayani sau goma bai gaji ba bai harare ka ba. Amma lissafin kansa ka yi shi a SPSS ko Excel, ko jamovi da yake kyauta ne, don in ka zuba masa lambobi a hira yana iya ba ka amsa mai kama da daidai wadda ba ita ba ce. In ka ga sakamakonsa da na manhajar lissafi sun saɓa, ta lissafin za ka bi.

Masu hira da mutane su naɗi murya, ku ma ku kula. A Oktoban 2024 kamfanin dillancin labarai na AP ya ruwaito cewa Whisper, manhajar OpenAI mai juya murya zuwa rubutu, tana ƙara jimlolin da ba wanda ya faɗe su, alhali har asibitoci a Amurka na amfani da ita. Da Turanci kenan fa, ina ga hira da wata hedimistires tana Sakkwatanci tana surkawa da Turanci ga ihun yara a bayanta. Ka sa abin ji a kunne ka bi rubutun layi-layi.

Zan iya ɗora masa sakamakon ɗalibai ko bayanan marasa lafiya ya tsara min?

Da sunayensu, a'a. Abin da ka rubuta a can yana tafiya kwamfutocin kamfani ne a wata ƙasa, kuma a nau'in kyauta ana iya amfani da shi wajen ƙara horar da manhajar in ba ka shiga saiti ka kashe ba. Samsung guda sai da ya hana ma'aikatansa a Mayun 2023 bayan wasu injiniyoyi sun zuba sirrin kamfani a ChatGPT. A Najeriya akwai Dokar Kare Bayanai ta 2023 da aka sa wa hannu a watan Yuni, da hukumar NDPC mai kula da ita, bayanan lafiya suna cikin waɗanda dokar ta ba kariya ta musamman, na yara kuma sai da yardar iyaye ko masu riƙo.

Ko ba doka ma, kai ka ce wa mutanen nan a saman takarda amsarsu sirri ce. Malama ta buɗe baki ta gaya maka yadda shugaban makarantarsu ke yi musu saboda ta yarda da kai. Ka cire suna, lambar waya, lambar rajista, sunan makaranta da na unguwa, ka sa lamba a madadinsu, kuma ka tuna a ƙaramin gari "malamar lissafi ɗaya tilo a makarantar 'yan mata" suna ne ko ba a ambaci suna ba. In bincikenka ya bi ta kwamitin ɗa'a, ka gaya musu tun farko za ka yi amfani da AI.

Ni lakcara ne. Na sa aikin ɗalibi a manhajar gano AI ta ce kashi 80. In kayar da shi?

Don Allah Dakta dakata. Wannan lambar zato ce, ba shaida ba. OpenAI da kansu sun fitar da tasu manhajar ganowa a Janairun 2023, suka rufe ta a Yuli saboda rashin inganci, kashi 26 cikin 100 kawai na rubutun AI take kamawa, tana kuma yi wa kashi 9 na rubutun mutane ƙazafi. Wanda ya fi shafarmu shi ne binciken da aka yi a jami'ar Stanford a shekarar, sun gwada manhajoji bakwai a kan rubutun jarrabawar Turanci ta TOEFL guda 91 na waɗanda Turanci ba harshen uwa ba ne a gare su, a matsakaici kashi 61 cikin 100 aka ce AI ne ya rubuta, alhali mutane ne, rubutun yaran Amurka kuwa kusan duk ya tsallake lafiya. Dalili, wanda ya koyi Turanci a aji yana amfani da kalmomi sanannu da jimla mai sauƙin hasashe, abin da manhajar ke farauta kenan. Wato ɗalibanmu gaba ɗaya.

Jami'ar Vanderbilt ta kashe ɓangaren gano AI na Turnitin, manhajar gano satar fasaha, a Agustan 2023, suka yi lissafi cewa takardu 75,000 suka tura a 2022, ko da kuskuren kashi 1 ne kacal, takardu 750 kenan da za a iya zarga a banza. Sai kuma wani malami a wata jami'a a jihar Texas da ya kwafi aikin ɗalibansa ya tambayi ChatGPT wai kai ka rubuta, ya ce eh ni ne, aka riƙe sakamakon 'yan aji. ChatGPT ba ya iya gane rubutunsa, kar ka gwada wannan.

Abin da ke aiki tsohon abu ne. Kira ɗalibin ofis minti goma, ka ce ya yi maka bayanin sakin layi biyu, ya nuna maka manazarta uku a buɗe, ya kawo daftarin farko. Wanda ya yi aikinsa ko da in'ina zai kare shi. Na san mai ɗalibai ɗari uku zai ce ina lokaci, gaskiya ne, amma ba kowa za ka kira ba.

Ni kuma ɗaliba ce, wallahi da hannuna na rubuta aka ce AI ne. Ya zan yi?

Kar ki yi faɗa, kar kuma ki amsa laifin da ba ki yi ba don a wuce wurin. Ki tattara daftarinki na farko, jotar da kika yi rubutu, takardun da kika yi fotokofi, in a Google Docs kika yi aiki akwai tarihin gyare-gyare da ke nuna rana da lokaci. Ki roƙi a yi miki tambayoyi baki da baki a kan aikin. In abin ya ƙi, ki rubuta wa shugaban sashe cikin ladabi. Waɗannan manhajojin da ake tallatawa wai suna mayar da rubutu kamar na mutum, ki rabu da su, suna dagula ma'ana kuma in an gano kin zama mai laifi da gaske.

Wai yana ƙara ilimi ne ko yana kashe ƙwaƙwalwa?

Ya danganta da wa ke yin wahalar tunanin. Masu bincike daga jami'ar Pennsylvania sun yi gwaji da 'yan sakandare kusan 1,000 a Turkiyya a darasin lissafi. Waɗanda aka ba GPT-4, wani samfurin AI na OpenAI, haka nan sakaka, makinsu na atisaye ya ƙaru da kashi 48, da aka karɓe shi ranar jarrabawa sai suka gaza waɗanda ba su taɓa amfani da shi ba da kashi 17. Rukunin da aka saita musu shi ya riƙa ba da haske kawai ba ya ba da amsa, su ba su yi wannan faɗuwar ba.

A gida kuma, Bankin Duniya ya yi gwajin mako shida a birnin Benin na jihar Edo a tsakiyar 2024, 'yan sakandare suna zama bayan an tashi suna koyon Turanci da Copilot, malamai na tsaye a kansu suna jagora suna nuna musu inda yake kuskure, kuma sun fi takwarorinsu da ba su shiga ba a gwajin da aka yi. Mutane na yawan kawo labarin Edo su manta da malaman nan da ke tsaye a ajin, ni kuwa a ganina su ne rabin labarin.

Ina koyarwar gwaji, ya halatta ya rubuta min tsarin darasi?

Ka fara rubuta naka da hannu tukuna, ko da goma na farko, sannan ka ba shi ya yi suka. In ka fara da nasa ba za ka taɓa koyon yadda ake auna minti arba'in ba. Kuma ka lura, darasin da yake tsarawa na ajin da ke da yara ashirin ne da majigi da wutar da ba ta ɗaukewa, zai ce ka raba su rukuni huɗu kowa da kwamfutarsa, kai kuma yara casa'in ne a gabanka wasu a ƙasa, alli ma sai ka sayo. Ka gaya masa gaskiyar ajinka, ka ce misalan su zama na gero da kasuwa da keke napep, ka kuma gwada abin da ya ba ka da manhajar karatu ta NERDC, hukumar da ke tsara abin da za a koyar, don bai san me aka ce a koyar a zango na biyu ba sai ka nuna masa. Ranar da mai duba ka ya shigo aji yaro ya ɗaga hannu ya yi tambayar da ba ta cikin takarda, wayarka na aljihu.

Mu masu horar da nas-nas da ma'aikatan lafiya fa?

Nan kuskure ba maki yake ci ba, rai ne. Yana da kyau wajen ƙirƙiro labarin mara lafiya na gwaji a tattauna a aji, ko ya zama majinyaci ɗalibi ya koyi yin tambayoyi. Amma adadin magani, musamman na yara da masu ciki, daga littafin ƙa'idojin aiki da jagororin ma'aikatar lafiya ake ɗaukowa, duk abin da ya fito daga AI sai ƙwararre ya duba kafin ya shiga takardar bita.

Akwai wani abu kuma da ya fi ba ni tsoro. A Agustan 2025 wata mujallar Lancet ta fannin ciki da hanta ta wallafa bincike daga cibiyoyi huɗu a Poland, likitoci ƙwararru masu duba hanji da kyamara, bayan sun saba aiki da AI mai nuna musu tsiro, da suka yi aikin ba shi sai adadin gano tsiron ya sauka daga kashi 28.4 zuwa 22.4, cikin 'yan watanni. Waɗannan sun riga sun iya kenan hannu ya fara sanyi, to ina ga wanda bai taɓa iyawa ba. Shi ya sa duk horon da zan tsara, na malanta ne ko na akanta ko na lafiya, sai na ware wani ɓangare da za a yi ba waya ba kwamfuta, a kuma jarraba mutum a haka. Wanda za a tura asibitin ƙauyen da sabis sai an hau tudu ai dole ma.

Zan iya ba shi takardun jarrabawa ya yi min makin?

Ya taimaka wajen tsara ma'aunin maki ko rubuta sharhi na farko, to. Ya yanke wa ɗalibi ci ko faɗuwa, ban yarda ba. A 2020 lokacin korona Ingila ta bar wani tsarin lissafi na kwamfuta ya daidaita sakamakon A-level, jarrabawar ƙarshen sakandare, ya saukar da darajar kusan 40 cikin kowane sakamako 100 da malamai suka bayar, 'ya'yan talakawa a manyan makarantun gwamnati suka fi shan wuya, ɗalibai suka fito zanga-zanga, cikin kwana huɗu gwamnati ta janye. Dokar AI ta Tarayyar Turai da ta fara aiki ranar 1 ga Agustan 2024 ta sa tsarin da ke ba da gurbin karatu ko auna ɗalibai cikin masu babban haɗari. In ɗalibi ya zo ya ce Malam me ya sa na samu 38, dole ka iya buɗe takardar ka nuna masa.

Haka in an turo maka maƙala ko kundi ka duba a matsayin mai jarrabawa na waje, kar ka ɗora shi a can, aikin wani ne da bai fito ba aka ba ka amana. Hukumar binciken lafiya ta Amurka, NIH, ta haramta wa masu duba mata takardun neman tallafin bincike yin haka tun Yunin 2023.

Yana jin Hausa kuwa? Ina son fassara kwashaniyata.

Yana ji, amma Hausar ɗan koyo mai ƙarfin hali. Google Translate ya sa Hausa tun Disambar 2013 kuma an ci gaba sosai, ga masu bincike irin na Masakhane da HausaNLP suna ta ƙoƙarin tara bayanai, sai dai rubutun Hausa a intanet ɗigo ne in an gwada da na Turanci. Zai rikita baki da baƙi, ya jera jimlar Turanci da kalmomin Hausa, in ka nemi karin magana ya ƙera maka wadda kakarka ba ta taɓa ji ba. A kwashaniya kuwa kalma ɗaya in ta karkace, tambayar da mutane suka amsa daban ce da wadda ka yi niyya. Ka bar shi ya yi daftari, mutum mai jin harsunan biyu ya gyara, wani daban da bai ga asalin ba ya mayar da ita Turanci a gwada, sannan ka jarraba ta a kan mutum biyar ko goma irin waɗanda za su amsa. 'Yan uwa na Maraɗi da Damagaram masu fassarowa daga Faransanci, ku ƙara da duba karin harshe, Hausar da yake fitarwa ta fi karkata wajen ta Kano.

Malam gaskiya na riga na yi, cafta ta biyu gaba ɗaya shi ya rubuta, difens saura sati uku.

To, ka kyauta da ka faɗa. Yau ɗin nan ka buga jerin manazartarka a takarda, ka bi su ɗaya bayan ɗaya, wadda ba ka samu ba ka soke ta tare da jimlar da ta jingina da ita. Waɗanda suka rage ka zaɓi goma ko sha biyar da suka fi kusa da batunka ka karanta su da gaske kana rubuta abin da ka fahimta a jota, ka ware kwana biyu na laburare don kundayen da aka yi a sashenku. Sannan ka rufe tsohuwar caftar ka sake rubutawa daga jotarka, za ta fi gajarta, Turancin ba zai yi santsin na da ba, ba komai. In data ma ƙirƙira ce to wannan sati uku ba zai gyara ta ba, sai ka nemi a ɗaga maka zuwa zama na gaba. Ko wanne ne dai ka je wajen sufabaizanka kafin ƙarshen makon nan, da safe kafin ofis ya cika, ka tafi da jerin da ka soke a hannunka.